Sunan da Halliru Bai Taɓa Kira Ba

A shekarar da sojojin da suka je yaƙin Bama suka fara dawowa gida da manyan takalmansu, akwai wani manomi a Giyawa ta ƙasar Goronyo ana ce masa Halliru. Mutum ne mai sanyin magana, yana da gero da dawa daidai cin gidansa, da wani tsohon jaki da ya girmi wasu daga cikin 'ya'yansa. Ɗansa na fari sunansa Yusha'u. To amma wannan suna a bakin mutane kawai yake, shi Halliru bai taɓa furta shi ba tun ranar da liman ya raɗa. Haka ya tarar ana yi, haka ubansa ya yi da shi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa, ba a yi masa wasa a gaban jama'a, in wani ya yabe shi sai ka kau da kai kamar ba ka ji ba. Da aka yaye yaron ma gwaggonsa ta Goronyo ce ta tafi da shi, sai da ya isa riƙe fartanya ya dawo. In suna gona Halliru na son ruwa, sai ya ce, "Kai, wancan." Bayan an yi wa yaron aure abin ya zo da sauƙi, ya koma ce masa mai gidan Adama, da sunan matarsa.

Ba wai ba ya sonsa ba ne. Ranar da aka yanka kaza a gidan, Halliru yakan bar cinya a akushi ya ce ya ƙoshi, ya tura akushin da ƙafa zuwa gefen da wancan yake zaune, yana kallon wani wuri daban. Kowa a gidan ya san wannan, ba kuma wanda ya taɓa yin maganarsa.

Abin da ya kai Yusha'u hannun hukuma ba wani babban abu ba ne. Rufin ɗakin Adama ne ya lotsa da damina, har ruwa na zuba a kan gado. Da rani ya yi sai ya ɗauki gatari ya shiga dajin da aka kewaye aka ce na gwamnati ne yanzu, ya sare giginya guda don ya tsaga azara. A dajin nan kakansa ya sari azarar zauren gidansu, shi bai ga abin da ya canza ba. Malamin daji ya kama shi da gatarin a kafaɗa. Alƙali ya yanke masa 'yan watanni, aka haɗa shi da fursunonin da ke aikin hanyar mota, aka kai su wani zango a bayan Wurno. Halliru bai je gaban alƙali ba. Ƙanensa Sale ne ya je, don shi ya dace ya je. Daga nan kuma Sale ya ɗauki sandarsa ya tafi cin rani.

Ana tsakiyar bazara, ran nan da yamma Halliru na zaune a ƙofar gida yana tufka igiya, sai ga Mode ya dawo daga kasuwar Goronyo yana haki. Mode ɗan gwaggon Halliru ne, taubashinsa, tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

"Kai bawana, aje igiyar ga ka saurara."

"Bawan wa? Kai da munka saya da ƙwaryar dussa. Mi ka ci kake haki?"

Mode bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ce, "Sankarau ya shiga zangon hursuna na Wurno. Ana ta hidda gawa. Baturen likita ya zo ya gani, yac ce duk wanda bai zub da jinin kowa ba a sallame shi gobe. Amma sai uba nai ko mai gida nai ya tahi da kai nai ya amshe shi, don a aje shi bukka bayan gari, kada shi raba ma mutane ciwo."

Igiyar ta suɓuce daga hannun Halliru. Ya daɗe yana kallonta a ƙasa.

"Sale ba shi nan," in ji shi.

"Na sani. Shi ya sa niz zo wurin wawan gidan."

A cikin gida Adama ta ji, ta fashe da kuka. Fatsuma, matar Halliru, wadda ita ma kunyar ɗan farin ke kanta, ta tashi ta hau dakan fura. Da asuba ta miƙo gora biyu cike, ta ce da bango, "Hanya da nisa. Wani ma bai ci abin kirki ba tun da rani ya kama."

Suka kama hanya, Halliru a kan jaki, Mode a ƙasa yana mita wai an ba bawa hawa an bar ɗan gida da tafiya. Rana ta ɗaga sosai kafin su hango zangon. Tsohon siton auduga ne na kamfani, ginin ƙasa da rufin kwano, da 'yar taga guda can sama wadda kan yaro ma ba zai shiga ba. An kewaye shi da ƙaya. A waje jama'a sun taru, tsofaffi da sandunansu, mata da goyo, wasu daga Sisawa, wasu daga ƙauyukan Rabah. Halliru ya dubi siton ya ce a ransa, to ina sauran ɗakunan? Ya zagaya da ido. Babu wani ɗaki. Shi ke nan guda ɗaya.

Suka zauna a inuwar wata bishiyar bedi, kusa da wata mai fura ana ce mata Laraba, wadda ke ta faɗa tana dama.

"Ni dai a gaya man, in an sako ɓarawon akuyata, wa za shi tsare man garke? Bature shina da mai gadi da bindiga. Mu aka bari da su."

Mode ya ce, "Inna, akuya nawa anka sace miki haka?"

"Guda. Amma mai ciki ta."

"To shi mutu a kanta ke nan?"

"Ni ban ce shi mutu ba, ɗan nan, kada ka sa man magana baki. Nic ce shi gama kwanan da alƙali yay yanka mai. In kowa yas san ana sakin mutane don zahi, gobe wa za shi ji tsoro?"

Wani tsoho mai jiran ɗansa ya ce, "Ciwon ga bai san wanda yas sari mutum da wanda yas sari icce ba, Laraba."

"Ai shi Bature ya sani, shi ya sa za shi tara muna su."

Ana cikin haka sai ga ƙarar mota. Bature ya sauko, dogo, siriri, fuskarsa ta yi ja jawur. An ce bai daɗe da zuwa ƙasar ba, daga wurin yaƙi aka kawo shi, ko gaisuwa bai iya ba tukuna. Tafintansa wani saurayi ne mai gajeren wando wanda ya tashi a barikin soja can kudu, Hausarsa ta bariki ce. Aka ajiye wa Bature kujera, bai zauna ba. Ya yi wa Yari nuni da ƙofa. Yari, mai kula da fursunonin, wani ƙaton mutum mai jan rawani, ya sa dogarai suka zare sakata.

Abin da ya fara fitowa ba mutum ba ne, iska ce. Wani zafi mai wari ya bugo jama'a, kamar an buɗe rijiyar da dabba ta mutu a ciki. Mata suka toshe hanci da gefen zane. Bature ya ja da baya ya rufe baki da hankici. Da idon Halliru ya saba da duhun ƙofar sai ya ga kawuna, kawuna, kawuna, har ƙarshen ɗakin, a tsaye, a manne da juna kamar damin kara. Ba wurin da ƙafa guda za ta ƙaru. Bango na naso da gumin mutane. Bokitin bahaya da ke bakin ƙofa ya cika ya tumbatsa, masu tsayuwa kusa da shi a cikinsa suke tsaye.

Na gaba suka fara fitowa suna rufe ido saboda rana. Da wuri ya ɗan samu a ciki, sai wani mutum da ke tsaye a tsakiyarsu ya sulale ya faɗi tim, bai ko kare fuska da hannu ba. Dogari ya taɓa shi ya janye hannu da sauri. Ashe ya daɗe da cikawa, wurin faɗuwa ne bai samu ba. Aka jawo shi waje, wuyansa a sanƙare, ƙeyarsa ta tanƙwashe baya kamar mai neman ganin abin da ke bayansa. Aka sake jawo wasu irinsa daga lungu, aka jera a gindin bango aka rufe da tabarma.

"Innalillahi," in ji Laraba. Ludayin ya faɗa cikin ƙwarya. Ba ta sake cewa komai a kan akuya ba.

Halliru manomi ne, ya san ko albasa ce ka cusa a rumbu haka ba iska, kafin mako ta ruɓe. Wata nawa yana kwana a shimfiɗarsa, yana juyawa dama da hagu yadda ya so, yana cewa a ransa ai hukuma ce, tana ciyar da su, 'yan watanni ne. Wani daga cikin waɗanda suka fito yana gaya wa uwarsa wai kwana ma rabawa suke, rabi su tsuguna rabi su tsaya, in an jima a sauya.

Aka fara kira. Dogari ya fito da fursuna, Yari ya faɗi laifinsa, in ba na jini ba ne sai tafinta ya tambaya wa ya zo dominsa. Mai ƙin aikin hanya, mai ƙona daji wurin farautar gafiya, mai ɓoye ɗansa ranar lambar rigakafi, ɓarawon akuyar Laraba ma har da shi, ya rame har sai da ta dube shi sau biyu kafin ta gane shi. Kowa nasa ya fito ya ce nawa ne, ya kama hannunsa su wuce.

Sai wani mai babbar riga ya fito ya ce wani ƙaton fursuna ƙanensa ne. Tafinta ya ce, "Mene ne sunansa?" Mutumin ya yi inda-inda, ya faɗi suna, ya sauya wani. Fursunonin da ke tsugune suka yi dariya duk da halin da suke ciki. Ashe fursunan ɓarawon shanu ne da ya sassari makiyayi, abokan sana'arsa suka turo mai rigar ya fitar da shi cikin ruɗani. Dogarai suka kori mai rigar da bulala. Bature ya ƙara ja, ya yi magana da ƙarfi yana nuna bakinsa.

Tafinta ya ce, "Bature ya ce daga yanzu da bakinka za ka faɗi sunan mutum, ka ce ɗana ne ko ƙanena ne. Wanda ya tsaya tunani, maƙaryaci ne, a wuce shi."

Mode ya juyo ya dubi Halliru. Halliru na kallon jakinsa.

Ba a jima ba aka fito da Yusha'u. An aske masa kai, ƙashin wuyansa ya fito, duk jikinsa ƙuraje. Ya hango ubansa, ya tsuguna nan inda yake ya sunkuyar da kai, hannunsa ɗaya dafe da goshi.

Yari ya ce, "Saran giginya cikin gandu."

"Wa ya zo dominsa?"

Mode ya tura Halliru gaba. Halliru ya tsaya a tsakiyar fili, ya cire takalmi, ya durƙusa. Idon jama'a duka a kansa, dattawan Wurno, mata, yara, dogarai.

"Tsoho, wannan wane ne a wurinka?"

"Ranka shi daɗe, yaron... na gidanmu na."

"Ɗanka ne?"

Halliru ya buɗe baki. Ya rufe.

"Mene ne sunansa?"

Sunan yana nan. Ya taso daga ƙirji ya zo maƙogwaro ya tsaya cak.  Shi a zatonsa za a ɗan jira, wani zai faɗa a madadinsa kamar yadda aka saba, kowa ya gyaɗa kai a wuce wurin. A duk rayuwarsa bai taɓa zuwa inda aka rasa mai ɗauke masa wannan nauyi ba. Ya kau da fuska gefe, ya kafa wa wata tsakuwa ido.

Mode ya yi tsalle ya shigo fili. "Ranka shi daɗe, ɗan hwari nai na! Ba shi iya hwaɗi! Ni in hwaɗi, Yusha'u, Yusha'u na Halliru na Giyawa, kowa ya san su!"

Tafinta ya ce, "Ba kai aka tambaya ba. Uban da ba ya iya faɗin sunan ɗansa, wane irin uba ne wannan?" Ya juya ya yi wa Bature 'yar gajeriyar magana.

Bature ya dubi Yari, ya ɗaga gira. A nan ne Halliru ya ji sanyi kaɗan, don Yari ɗan ƙasa ne, kalma biyu daga bakinsa sun isa. Yari ya gyara rawani, ya dubi sama.

"Ni dai ban taɓa ganin mutumin ga ba," in ji shi. Kuma gaskiya ya faɗa.

Bature ya kaɗa hannu. Dogari ya kama kafaɗar Yusha'u ya tashe shi. Mode ya bi su yana ihu, wani dogarin ya tare shi da kulki a ƙirji. Yusha'u ya waiwayo, bai dubi ubansa ba, Mode ya duba.

"Bappa, bar shi hakanan, kada ka matsa mai. Ku koma gida kada rana ta yi muku."

Aka mai da shi cikin duhun. Halliru yana durƙushe inda yake har sai da aka ce ya ba da wuri. Yana ja da baya ya ga wani tsoho daga wajen Sisawa ya fito an tsayar da wani saurayi a gabansa, shi ma ya yi ta kallon ƙasa, aka wuce shi.

Da aka gama, an rage mutane, amma waɗanda suka rage ma sun fi ƙarfin ɗakin, ga ciwon yana ciki tare da su. Aka mai da sakata. Bature ya shiga mota ya nufi Rabah. Mode ya tare Yari a bakin ƙaya.

"Kai ba ka da ɗan hwari? Ba ka san abin da ka gani ba?"

"An tambaye ni in na san shi, na ba da amsa. Gusa ka ba ni hanya."

Laraba ce ta jawo gefen rigar Mode ta rage murya. "Yaronku shi ka ja ma Yari jigon ban ruwa lambu nai na hwadama. Ƙarhi gare shi, ba shi gardama. Ba shi son rasa shi kahin a cire albasa."

Mode ya dawo gindin bedi ya tsaya a kan Halliru. Tun suna yara bai taɓa kiransa da sunansa na gaskiya ba sai ran nan.

"Halliru. Yaron ga kai nai ka ciwo, na ga shina dahe goshi. In ya kwana biyu cikin ɗakin ga, tabarma za a ba ka. Ran nan in liman yat tambayi sunan mamaci, sai ka diba tsakuwa."

Halliru ya tashi ya kwance jaki, ya ɗaura gorunan fura, ya juya kan jakin. Ba hanyar Giyawa ya nufa ba, sawun motar ya bi.

Tafiya ce ta rana tsaka, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Da suka yi nisa da gari, ba kowa sai gonaki busassu da 'yan itatuwa, Mode ya ga kan taubashinsa ya sunkuya wajen kunnen jaki, leɓensa na motsi. Sai ya tsaya wai ƙaya ta soke shi, ya zauna yana cirar ƙayar da babu ita, har tazara ta yi yawa tsakaninsu. Halliru ya waiwaya hagu da dama. Ya gwada. Rabin sunan ya fito, ya ji kamar ya tuɓe riga da wando a kasuwa. Ya yi istigfari. Ya sake gwadawa. Jakin dai kunne kawai ya kaɗa.

Sun isa Rabah ana kiran magariba. Mai gadin bariki ya ce Bature ba ya ganin kowa sai da safe, suka kwana a rumfar masallaci.

Da safe ashe ranar kasuwa ce, Bature ya sa an jera mutane a bakin kasuwa yana duba wuyansu da idanunsu. Taron ya ninka na jiya. Masu albasa, masu kifi, Fulani da ƙoren nono, fatake da raƙuma. Halliru ya ba Mode igiyar jaki, ya kutsa cikin layi. Dogari ya sa masa kulki a gaba ya ce ya koma baya. Halliru ya riƙe kulkin da hannu biyu, ya ɗaga kai, ya buɗe murya irin wadda ko a gona bai taɓa yi ba.

"Yusha'u! Suna nai Yusha'u! Ɗana na, ni na haihe shi! Ɗana na hwari! Yusha'u!"

Kasuwa ta yi tsit daga wannan gefe. Wata tsohuwa mai daddawa ta dafe baki. Wani ya ce, "Subhanallahi, dattijon ga ya taɓu." Samari suka sunkuyar da kai don kunya ta kama su a madadinsa. Shi kuwa ya kasa tsayawa, sunan sai fita yake yi, hawaye na bin gemunsa, Yusha'u, Yusha'u, kamar an fasa tulu.

Tafinta ya gane shi. Ya matso ya ce, "Tsoho, to jiya me ya hana ka?"

 Dogarin da aka riƙe wa kulki, wani dattijo ne ɗan garin, shi ya yi bayani a hankali, cewa a ƙasar nan mutumin kirki ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya cewa nawa ne a gaban mutane, kuma duk wanda ya ga uba ya kau da kai haka ya san uban ne na gaskiya. Tafinta ya tsaya baki buɗe. Ya juya ya mayar wa Bature, wannan karon maganar ta yi tsawo. Bature ya cire hularsa. Jan fuskarsa ya tafi, ta koma fari fat. Ya yi tambaya guda.

Tafinta ya ce, da ƙaramar murya, "Ya ce mutum nawa ne suka yi shiru haka jiya?"



Nan take Bature ya kira masinjansa mai doki, ya ce ya tafi zangon ya gaya wa Yari duk wanda aka mayar jiya don nasa ya yi shiru a fito da shi, a nemo iyayensu. Ya ƙulle wasu fararen ƙwayoyi a takarda ya danƙa wa Halliru, tafinta ya gaya masa yadda ake ba mai ciwon in ya kama. Masinja ya yi gaba a guje. Halliru da Mode suka biyo baya da jakin da ya gaji.

La'asar ta yi kafin su iso. Ƙofar siton a buɗe, masinja na tsaye, Yari na gefe yana kaɗa carbi kamar ba abin da ya faru. Saurayin nan na Sisawa yana zaune a waje shi kaɗai, tsohonsa ya riga ya koma gida tun jiya. Halliru ya duba bai ga nasa ba.

"Ina Yusha'u?" ya ce da Yari, a gaban kowa. Yari ya ɗago da sauri ya dube shi, sannan ya nuna gindin bango da haɓa.

Yana kwance kusa da inda aka jera na jiya, amma ba a rufe shi ba. Jikinsa kamar garwashi, idanu a kafe, wuya ya sanƙare baya. Wani fursuna ya ce tun tsakar rana jiya ya fara amai, da safe ya daina magana. Mode ya ɗora hannu a ka yana salati. Suka gwada ɗora shi a kan jaki, jikin ya ƙi lanƙwasuwa, sai zamewa yake.

Halliru ya warware rawaninsa. Ya durƙusa ya ba da baya.

"Ɗora man shi."

"Bari ni in ɗauka, kai ka tsuhwa."

"Ɗora man shi, Mode."

Aka ɗora masa. Ya zagaya rawanin ya ɗaure a ƙirji da ciki yadda mata ke goyo, ya dafa ƙasa ya miƙe da kyar. Ƙafafun Yusha'u na jan ƙasa, kansa ya tanƙwashe baya yana kallon sama. Dogarai suka ba da hanya. Laraba ta biyo su da ƙwaryar fura, ta nuna musu wata bukkar masu lambu da ba kowa a bakin fadama. Duk tsawon hanyar zuwa bukkar Halliru magana yake yi ƙasa-ƙasa. "Yusha'u, mun kusa. Yusha'u, riƙe ni. Ga ni nan, Yusha'u."

A bukkar suka zauna kwana da kwanaki. Halliru na daka ƙwayar ya jiƙa ya ɗura masa da ludayi, yana shafa masa ruwa, Mode na zuwa gari neman abinci. Sau biyu suna cire rai. Ran nan da hantsi zazzaɓin ya sauka, wuya ya saki, Yusha'u ya buɗe ido ya ga ubansa zaune dab da shi, abin da bai taɓa gani ba. Ya yi yunƙurin tashi ya tsuguna. Halliru ya danne kafaɗarsa.

"Kwanta, Yusha'u. Sannu, Yusha'u."

Yaron ya zuba wa bakin ubansa ido. Ya ɗan karkata kai. Sai ya yi magana da ƙarfi, murya ba daidai ba, kamar mai kiran wani a ƙetaren gulbi.

"Baba, mi kaka cewa?"

Halliru ya sake faɗa, ya ɗaga murya. Yusha'u na ta kallon leɓensa. A daidai lokacin jakin da ke ɗaure a jikin bukkar ya ɓarke da kuka, har Mode ya zabura. Yusha'u ko ƙiftawa bai yi ba. Mode ya zagaya bayansa ya tafa hannu dab da kunnensa, ya sake tafawa a ɗayan. Sannan ya fita waje ya zauna a kan kunyar gona ya rufe fuska da hula.

Sun koma Giyawa kafin ruwan farko. Ƙarfin Yusha'u ya dawo a hankali, kunnen bai dawo ba. Ɗakin Adama kuwa da kara da ciyawa Halliru ya rufe shi da hannunsa.

Da damina ta kankama mutanen Giyawa suka fara jin wani abu daga gonar Halliru wanda ya daɗe bai daina ba su mamaki ba. Wasu dariya suke, wasu tsofaffi suka ce abin bai dace ba, har aka yi masa magana a masallaci. Bai daina ba. In yana son ruwa sai ya miƙe ya dafa ƙugu ya kira da ƙarfi, "Yusha'u!" Can gaba Yusha'u na sunkuye yana noma abinsa. Halliru ya ɗan jira, kamar mai ba shi lokaci. Sannan ya sunkuya ya ɗauki ɗan hoge, ya jefa a hankali kusa da ƙafarsa.